Fumfunar Baki Ga Masu Ciwon Dajin Baki A Lokacin Gashi: Bayaninta Da Matsalar Sunanta A Hausa

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Da wuya a sami cutar da wannan karin magana ya dace da ita kamar wadda wannan maƙala za ta yi bayani a kanta, wato wata cuta da takan ɓulla a bakin mai fama da ciwon dajin baki a daidai lokacin da ake yi masa magani da hasken na'ura a asibiti, maganin da jama'a suka fi sani da sunan gashi. Cuta ce mai sauƙin ganewa ga wanda ya san ta, maganinta kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin gashin kansa. Duk da haka, takan hana majiyyaci ci da sha, har ta kai shi ga yanke gashin da rayuwarsa ta dogara a kai.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu ya faru ne a Suleja, inda aiki ya kawo ni. Wani dattijo maƙwabcina, tsohon direban babbar mota, ya kamu da ciwon daji a gefen harshe, aka soma yi masa gashi a Abuja. A mako na huɗu sai bakinsa ya yi fari fat, ko ruwa ya kurɓa sai ya ji kamar an zuba masa barkono. Uwargidansa ta ce dajin ne ya bazu. Ƙanensa ya ce injin ne ya ƙona masa baki. Wani aboki ya ce zafi ne kawai, aka je kemis aka sayo kafso. Haka ya zauna a gida kwana tara bai koma asibiti ba. Da aka lallashe shi ya koma, likita ya duba bakin, ya rubuta magani, cikin 'yan kwanaki ya soma shan kunu. Daga baya na gane cewa tun kafin a fara gashin an gargaɗe su game da wannan cuta, amma da sunanta na Ingilishi aka ambace ta, sunan kuwa bai biyo su gida ba.

Manufar wannan maƙala ita ce, da farko, a bayyana yadda cutar take samuwa da yadda ake magance ta. Na biyu kuma, a duba giɓin da ke akwai a harshen Hausa wajen ambatonta, tare da ba da shawarar sunan da zai taimaki likita da majiyyaci su fahimci juna.

2.0 Ciwon Dajin Baki Da Gashi

Ciwon dajin baki yakan kama leɓe, ko harshe, ko dasashi, ko cikin kumatu, ko ganɗa, ko ƙarƙashin harshe. Mafi yawansa yana tasowa ne daga siririyar fatar da ta lulluɓe cikin baki. Manyan abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi su ne taba, ta sha ce ko ta tauna, da kuma giya. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 an sami sababbin masu ciwon dajin leɓe da baki kimanin 390,000 a duniya, kuma kimanin 188,000 sun mutu ta dalilinsa.

Hanyoyi uku ne aka fi bi wajen maganinsa: tiyata, da gashi, da magungunan da ake ƙarawa ta jijiya. Asalin gashi yana komawa ga gano hasken hoton ƙashi da Wilhelm Röntgen ya yi a Jamus a 1895, da kuma gano sinadarin radiyam da Marie da Pierre Curie suka yi a Faransa a 1898. Na'urar takan harba haske mai ƙarfi, wanda ido ba ya gani, zuwa inda ciwon yake, hasken ya lalata ƙwayoyin halittar dajin yadda ba za su iya hayayyafa ba. Ana auna yawan hasken da wani ma'auni mai suna Gray. Mai ciwon dajin baki yakan karɓi Gray 60 zuwa 70 gaba ɗaya, ana ba shi kimanin Gray 2 a kowace rana, kwana biyar a mako, har tsawon mako shida zuwa bakwai. An rarraba shi haka ne domin naman jiki mai lafiya ya riƙa samun damar farfaɗowa tsakanin zama da zama. A nan ya kamata a lura da wani muhimmin abu: idan aka yanke gashin a tsakiya, ƙwayoyin dajin da suka rage sukan ci gaba da yaɗuwa cikin hanzari, kowace ranar da aka ɓata kuwa tana rage damar shawo kan ciwon.

Ga mutumin Suleja, wurin gashi mafi kusa yana Abuja, inda Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999, yake da sashen wannan aiki. Akwai kuma irin wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Ke nan majiyyacin da ke kwana a Suleja zai bi ta Madalla da Zuba ya shiga Abuja ya dawo, sau talatin zuwa talatin da biyar. Wanda ba ya iya haɗiye abinci kuwa, ina zai sami ƙarfin wannan zirga-zirga?

3.0 Yawu Da Aikinsa

Ba za a fahimci wannan cuta ba sai an fahimci yawu. Mutum mai lafiya yana samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana. Mafi yawansa yana fitowa ne daga manyan maɓuɓɓugai guda shida, uku a kowane ɓangare na fuska: ɗaya a gaban kunne, wato wadda takan kumbura idan yaro ya kamu da hangum, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya kuma a ƙarƙashin harshe. Aikin yawu ya wuce jiƙa abinci. Yana wanke ragowar abinci da ƙwayoyin cuta, yana rage tsamin baki, sannan yana ɗauke da wasu sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta ko hana su mannewa a fatar baki.

Matsalar ita ce, waɗannan maɓuɓɓugai suna kan hanyar da hasken gashi yake bi, kuma suna da saurin jin masa. Tun a makon farko yawu yakan ragu ƙwarai, wanda ya saura kuma ya yi kauri da yauƙi. Daga mako na biyu zuwa na uku sai fatar cikin baki ta soma yin ja, daga baya ta saluɓe ta zama gyambo. Wannan shi ne kumburin gashi, wanda kusan duk mai karɓar gashi a baki yake samu. Idan an haɗa gashin da magungunan jijiya, garkuwar jiki ma takan yi rauni. To, ga bango ya tsage ta wurare uku: yawu ya ƙafe, fata ta buɗe, garkuwa ta ragu.

Sababbin na'urori suna iya daidaita ƙarfin hasken yadda zai kauce wa maɓuɓɓugar gaban kunne. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya, aka buga sakamakonsa a 2011, ya nuna cewa shekara ɗaya bayan gashi, kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ta tsohuwar hanya suna fama da bushewar baki mai tsanani, alhali kashi 38 ne kawai cikin waɗanda aka yi wa ta sabuwar hanya.

4.0 Ƙwayar Cutar

Ƙadangaren da yake shiga wannan tsaga wata ƙwayar halitta ce da masana suke kira Candida albicans. Tana cikin dangin fumfunar da takan fito a kan tuwon da ya kwana biyu, kuma 'yar uwa ce ga yis ɗin da ake kwaɓa burodi da fanke da shi. An daɗe da sanin cutar da take haddasawa a bakin jarirai, tun zamanin likitocin Girka na dā. A 1853 Bafaranshe Charles Robin ya ba ƙwayar sunanta na farko na kimiyya, a 1923 kuma wata masaniya 'yar ƙasar Holan, Christine Berkhout, ta sanya ta a rukunin da ake kira Candida.

Abin mamaki shi ne, wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a baki. Mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya suna ɗauke da ita ba tare da ta dame su ba, domin yawu da garkuwar jiki da sauran ƙwayoyin bakteriya mazauna baki sun hana ta sakewa. Da zarar waɗannan masu tsaro sun yi rauni, sai ta sauya siffa daga ƙwaya mai kama da ƙwai zuwa dogayen zaruruwa masu huda fata. Saboda haka mai gashi ba a wurin wani yake kwaso ta ba, kuma ba dalili ba ne na a ware masa kwano ko a guje shi.

Wani nazari da ya tattara sakamakon bincike masu yawa, wanda aka buga a 2010 a mujallar Supportive Care in Cancer, ya nuna cewa kafin a fara maganin ciwon daji kashi 7.5 cikin ɗari ne na majiyyata suke da wannan cuta a baki, a lokacin magani kuwa adadin yakan kai kashi 39, bayan an gama kuma ya tsaya a wajen kashi 33. Wato kusan mutum biyu cikin biyar. Haɗarin yakan ƙaru ga mai ciwon sukari, da mai cutar ƙanjamau, da mai shan taba, da mai sa haƙoran roba, da wanda yake shan maganin kashe bakteriya barkatai. Wannan na ƙarshe shi ya fi shafarmu. Kafson da ake saya a kemis ba ya taɓa fumfuna ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya kashe bakteriyar da ke gogayya da ita, ya share mata fili.

Akwai kuma wasu 'yan uwanta, irin su Candida glabrata da Candida krusei, waɗanda ba su cika jin maganin da aka saba bayarwa ba. Damuwa game da irin wannan bijirewa tana cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin nau'o'in fumfuna 19 masu haɗari a watan Oktoba na 2022, ta kuma sanya Candida albicans cikin rukuni mafi muhimmanci.

5.0 Kamannun Cutar

Cutar tana zuwa da kamanni huɗu. Na farko, kuma wanda aka fi sani, shi ne farin dabbare-dabbare mai kama da guntayen kindirmo a kan harshe, da kumatu, da ganɗa, da hanɗa. Idan aka goga a hankali yakan fita, ya bar wurin ja, wani lokaci da ɗan jini. Na biyu ba shi da fari ko kaɗan: baki ne yake yin jawur, harshe ya yi sumul, da raɗaɗi kamar ƙuna. Wannan shi ya fi ruɗarwa ga mai gashi, domin ya yi kama da kumburin gashi, har likita ma sai ya lura da kyau. Na uku shi ne tsagewar kusurwoyin baki, inda leɓen sama da na ƙasa suka haɗu. Na huɗu, wanda bai cika yawa ba, fari ne mai kauri da ba ya goguwa. Irin wannan dole likita ya bincika, domin wasu fararen tabo marasa goguwa mafarin daji ne.

Majiyyaci yakan yi kukan cewa abinci ya daina yi masa ɗanɗano, ko yana jin ɗaci ko ƙarnin ƙarfe a baki. Idan cutar ta gangara zuwa maƙoshi, haɗiya takan zama azaba, har a ji zafin a ƙirji. Ga wanda garkuwarsa ta faɗi ƙwarai, ƙwayar tana iya shiga jini, wannan kuwa babban haɗari ne ga rai. Zazzaɓi tare da farin baki ga mai karɓar maganin daji abu ne da ba a kwana da shi a gida.

Sau da yawa duba baki kaɗai ya ishi likita. Idan akwai shakka, akan dangwalo farin da auduga a duba a madubin likita, ko a shuka shi a ɗakin gwaji don a san nau'insa. Amma samun ƙwayar a gwaji kaɗai ba ya nuna cuta, tunda masu lafiya ma suna ɗauke da ita.

6.0 Magani Da Rigakafi

Idan cutar ba ta yi tsanani ba, akan ba da maganin da yake aiki a cikin bakin kansa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa shi ne nistatin, wanda wasu mata biyu, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano a Amurka a 1950. Ruwa ne da ake kurɓa a juya a baki na 'yan mintoci sau huɗu a rana. Akwai kuma kulotirimazol na tsotsawa, da mikonazol na shafawa. Sai dai mai gashi yana da matsala da wasunsu: ƙwayar tsotsawa ba ta narkewa da kyau a busasshen baki, ruwan nistatin kuma yakan zo da sukari mai cutar da haƙora. Don haka idan cutar ta yi ƙarfi likitoci sukan zaɓi fulukonazol na haɗiya, sau ɗaya a rana, na tsawon kwana 7 zuwa 14. Wajibi ne a shanye adadin da likita ya rubuta ko da farin ya ɓace, a kuma gaya masa duk wani magani da ake sha, domin fulukonazol da mikonazol suna karo da wasu magunguna, musamman na tsinka jini.

Rigakafi kuwa tun kafin zama na farko yake farawa. Ya kamata likitan haƙori ya duba bakin, ya cire haƙoran da suka lalace kimanin mako biyu kafin gashi. Bayan gashi, ƙashin muƙamuƙi ba ya saurin warkewa, cire haƙori a hannun wanda ba likita ba yana iya jawo ruɓewar ƙashi. Haka nan kada a bari wanzami ya taɓa beli ko ya yi tsaga a wurin da aka gasa.

A lokacin gashi, a riƙa wanke baki da buroshi mai laushi da man goge baki bayan kowane cin abinci. Asuwaki mai tauri yana iya yaga dasashi, don haka a jingine shi ko a tausasa bakinsa sosai. A riƙa kurkure baki sau da yawa a rana da ruwa mai tsabta lita ɗaya da aka zuba wa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bakin soda, wato hodar da ake sa wa cincin da kek. Kada a musanya ta da kanwa, domin kanwa ta fi ta kaifi, kuma ba a san abin da ke gauraye da ita ba. A guji kankare farin da tsumma ko toka ko lemon tsami. Mai haƙoran roba ya cire su da dare ya wanke ya jiƙa. A yawaita kurɓar ruwa, musamman a lokacin hunturu. Game da azumi kuwa, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, sai ya tuntuɓi likitansa da malaminsa.

Ta fuskar abinci, girkin Hausa yana da abin da ya dace da busasshen baki. Tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka ko karkashi yana saurin wucewa saboda yauƙinsa. Kunun gyaɗa, da fura mai laushi da madara, da dafaffen ƙwai, da faten dankali suna ba da ƙarfi. A rage yaji, da kunun tsamiya, da zoɓo, da kayan zaƙi, da abinci mai tururi, da busassun abubuwa irin su kilishi da ƙuli-ƙuli. Taba kuwa a bar ta ɗungum.

7.0 Matsalar Suna

Duk bayanan da suka gabata ba za su amfani majiyyaci ba idan ba su isa gare shi cikin harshen da yake tunani da shi ba. A nan ne aikin masana harshe ya shigo. Idan aka duba kalmomin da jama'a suke amfani da su, za a ga matsaloli uku.

Ta farko, kalmar ciwon baki ta yi faɗi da yawa. Da ita ake kiran ƙurajen da zazzaɓi yake fesowa, da ciwon dasashi, da kumburin gashi, da cutar da muke magana a kai, har da dajin kansa. Abubuwa biyar masu magani daban-daban sun taru a ƙarƙashin suna guda, don haka ba abin mamaki ba ne iyali su ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya.

Ta biyu, kalmar gashi tana ɗauke da hoton wuta. Bahaushe ya san gashin nama, da gashin mai jego, da gashin ƙashi da ake yi wa mai shanyewar jiki. Saboda haka da ya ga bakin ɗan'uwansa ya yi ja ko fari, sai ya yanke hukunci cewa ƙuna ce, maganin ƙuna kuwa shi ne a janye daga wuta. Kalmar ta riga ta zauna, ba za a iya tumɓuke ta ba, amma ya kamata duk mai bayani ya riƙa ƙarawa da cewa hasken ba ya da zafi, kuma ba duk abin da ya fito a baki ne aikinsa kai tsaye ba.

Ta uku, kalmar ƙwayar cuta ba ta bambanta bakteriya da bairas da fumfuna. Muddin sunansu ɗaya ne a kunnen mai saye, to kafso ɗaya zai nema musu duka.

Bisa wannan, ina ba da shawarar a riƙa kiran cutar fumfunar baki. Dalilai uku ne suka sa na zaɓi wannan suna. Kalmar fumfuna sananniya ce ga kowace mace mai girki da kowane manomi mai rumbu. Tana kuma ɗauke da ma'anar da ta dace da gaskiyar kimiyya, wato abu ne mai rai, fari, da yake tsirowa a kan abin da aka bari ba kulawa, ana kuma iya kawar da shi. Daɗin daɗawa, ginin sunan ya bi ƙa'idar da Hausa ta saba da ita wajen haɗa suna da sashen jiki, kamar ciwon kai da amosanin ka da tsutsar ciki. Rauninsa guda shi ne bai nuna nau'in da yake zuwa ja ba tare da fari ba, amma ana iya cewa farar fumfunar baki da jar fumfunar baki. Idan aka ajiye kumburin gashi ga saluɓewar fata, bushewar baki kuma ga ƙafewar yawu, to an sami sunaye uku ga abubuwa uku. A gari irin Suleja, inda Bahaushe da Bagwari da Bakoro da Banufe suke haɗuwa a Hausa a kasuwa da asibiti, amfanin waɗannan sunaye ba zai tsaya ga Hausawa kaɗai ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa fumfunar baki tana biyo bayan ƙafewar yawu da raunin fata da gashi yake haifarwa, tana kama kusan biyu cikin biyar na masu karɓar maganin daji, kuma tana warkewa cikin mako ɗaya zuwa biyu idan aka ba da maganin da ya dace. Babban haɗarinta shi ne ta sa majiyyaci ya daina cin abinci ko ya yanke gashi. An kuma nuna cewa rashin keɓaɓɓen suna a Hausa yana da hannu a wannan haɗari. Ya rage ga sassan koyar da harsunan Nijeriya su zauna da likitocin daji da na haƙori da ma'aikatan jinya, su tace waɗannan kalmomi, su gwada su a kan majiyyata da masu jinyarsu, sannan a shigar da su cikin takardun bayani da shirye-shiryen rediyo. Maƙwabcin nawa ya kammala gashinsa, ko da yake kwana taran nan da ya rasa ba su dawo ba. Har yanzu da gorar ruwa yake yawo, domin yawunsa bai koma kamar dā ba.